Yadda ake haɗa fiyano da kwamfuta don kafa situdiyon kiɗa a gida

Mafi yawan waƙoƙin da ake ji a yau a shagunan kasuwa, a cikin motocin haya da kuma wuraren biki, a wani ƙaramin ɗaki aka haɗa su, da fiyano ɗaya, kwamfuta ɗaya da makirfo ɗaya. Waƙar siyasa, ta yabon Manzon Allah (SAW), ta fim ko ta tallan kaya a rediyo, duk hanyar kusan ɗaya ce. Wannan ne ya sa matasa da dama ke matsa wa iyayensu ko yayyensu lamba a saya musu kayan situdiyo, wasu ma'aikata da 'yan kasuwa kuma suke duba harkar a matsayin wata kafa ta samun kuɗin shiga.

Sai dai kayan nan daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma yana bin dala. Wanda ya saye su ba tare da ya san aikin kowanne ba, yana iya kashe albashin watanni, ya koma gida ya jona komai, sannan ya tarar ko ƙara ɗaya ba ta fita. Sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau, matsalar tana wajen haɗin. Wannan bayani zai bi matakan ɗaya bayan ɗaya.

Wane irin fiyano ne a hannunka?

A bakin jama'a duk na'urar da ke da fararen maɓallai da baƙaƙe sunanta fiyano. A wajen masu sana'ar kuwa iri uku ne, kuma rashin bambance su ne farkon asara.

Na farko shi ne sintesaiza, wato na'urar da ke ƙirƙirar sauti daga lantarki, mai kiɗa kuma ya riƙa murɗa shi har ya samu amon da yake so. Injiniyan nan ɗan Amurka, Robert Moog, yana cikin waɗanda suka fara fito da ita kasuwa a tsakiyar shekarun 1960. A 1983 kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da samfurin DX7, wanda ya mamaye waƙoƙin wancan zamani.

Na biyu shi ne fiyano mai rakiya, wanda ke ɗauke da ɗaruruwan muryoyin kayan kiɗa da salon ganguna da aka riga aka shirya, galibi kuma yana da lasifika a jikinsa. Jerin PSR na Yamaha shi ne ya fi shahara a nan Arewa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce kan yadda situdiyoyin Kano suka rungumi irin wannan fiyano a shekarun 1990, har kiɗansa ya zama tambarin waƙoƙin finafinan Hausa.

Na uku shi ne fiyanon umarni. Kamanninsa ɗaya da sauran, yana da sauƙin kuɗi, amma ba shi da murya ko ɗaya a cikinsa. Aikinsa kawai ya gaya wa kwamfuta ko wata na'ura abin da za ta kaɗa. Wanda ya saya da niyyar zuwa wajen biki ya yi kiɗa, ya yi asara. Wanda kuma zai zauna gaban kwamfuta ne kawai, wannan ya ishe shi, ba sai ya sayi mai tsada ba.

Hanyoyi biyu: umarni da sauti

Abu mafi muhimmanci da mai koyo zai riƙe shi ne, tsakanin fiyano da kwamfuta hanyoyi biyu ne mabambanta. Ɗaya tana ɗaukar umarni, ɗayar tana ɗaukar sauti.

Hanyar umarni ita ake kira MIDI. Kafin a samar da ita, na'urar wani kamfani ba ta jin yaren na'urar wani. Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa kamfanin Roland a Japan, su ne suka jagoranci yunƙurin samar da yare guda. A watan Janairun 1983, a bajekolin kayan kiɗa na NAMM a jihar Kalifoniya, aka jona fiyanon Prophet-600 da Jupiter-6 a gaban jama'a, aka danna ɗaya, ɗayan ya amsa. A 2013 an ba mutanen biyu kyautar Grammy ta fasaha saboda wannan aiki. Ko da yake an ƙaddamar da MIDI 2.0 a 2020, tsarin na asali ne har yau ke aiki a yawancin kayan da ke kasuwa.

Idan mai kiɗa ya danna maɓalli, saƙon da ke fita ta MIDI gajere ne: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, sannan yaushe aka sake shi. Kowane maɓalli yana da lamba daga 0 zuwa 127, na tsakiyar fiyano shi ne 60. Ƙarfin dannawa ma ana auna shi har zuwa 127. Wayar MIDI ta asali tana aika ɗigon bayanai 31,250 a daƙiƙa guda, don haka saƙon danna maɓalli ɗaya yana isa cikin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Ana iya kwatanta MIDI da takardar odar kaya da ɗan kasuwa ke aikawa Legas. Takardar ta faɗi iri da adadi, amma ba ita ce kayan ba. Shi ya sa mai koyo zai jona wayar MIDI, ya ga alamun kiɗansa suna bayyana a allon kwamfuta, ya kunna ya ji shiru. Umarnin ya isa, sai dai ba a ba shi muryar da zai kaɗa ba. Amfanin wannan tsari yana da yawa: ana iya gyara maɓallin da aka danna bisa kuskure, a ƙara wa waƙa sauri, ko a mayar da abin da aka kaɗa da muryar sarewa ya koma na garaya, ba tare da an sake kaɗawa ba. Fayil ɗin MIDI kuma ɗan ƙarami ne ƙwarai, alhali sauti mai ingancin faifan CD yana cin kusan megabait 10 a kowane minti.

Hanyar sauti kuwa ita ce ke ɗaukar ainihin abin da kunne ke ji. Idan muryar da ke cikin fiyanon ce ake so ta shiga waƙa, dole a ja wayar sauti daga fiyanon zuwa kwamfuta. Wasu sababbin samfura suna iya tura sauti da umarni gaba ɗaya ta wayar USB, amma ba duka ba, don haka a duba littafin na'urar kafin a biya kuɗi.

Kayan da ake buƙata

Kwamfuta ita ce uwa. Ba lallai sai sabuwa ba, amma mai ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 8 zuwa sama da ma'ajiya irin ta SSD ta fi sauƙaƙa aiki. Laftof tana da fa'idar batiri idan an ɗauke wuta ana tsakiyar naɗi.

Sai manhajar haɗa kiɗa. Cubase na kamfanin Steinberg da ke Jamus ta fara fitowa a 1989 a kan kwamfutar Atari ST, wadda mawaƙa suka so saboda ta zo da kafofin MIDI a jikinta. FL Studio ta kamfanin Image-Line na Beljiyam, wadda tsofaffin hannu ke kira FruityLoops, ta shahara wajen haɗa ganguna, kuma wanda ya saye ta sau ɗaya yana samun sabuntawa kyauta. Akwai Ableton Live da Reaper, akwai kuma na kyauta irin su LMMS da Audacity. A cikin yawancin waɗannan manhajoji ake ɗora muryoyin kayan kiɗa na kwamfuta, galibi bisa tsarin VST da Steinberg ya fito da shi a 1996.

Na uku shi ne akwatin sauti, wanda masu situdiyo ke kira saunkad. Shi ne ke karɓar sauti daga makirfo ko fiyano, ya mayar da shi lambobin da kwamfuta ke ganewa, sannan ya dawo da shi zuwa lasifika. Mai kafofin shiga biyu ya ishi mai farawa. Focusrite, Behringer da M-Audio duk suna yin irinsa, wasu kuma suna zuwa da ƙaramin kwafin manhaja na halal a cikin kwalin.

Sai makirfo, abin saurare na kunne wanda ke rufe kunnen gaba ɗaya, da lasifikar situdiyo idan hali ya yi. Lasifikar rawa ta gida tana ƙara wa sauti kitse, ta ɓoye aibinsa, sai an kai waƙar wani wuri a ji ta canza.

Matakan haɗawa

Da farko a kashe komai, a rage ƙarar lasifika zuwa ƙasa. A sauke direban saunkad daga shafin kamfanin da ya ƙera shi, a ɗora kafin a jona.

Idan fiyanon yana da kafar USB, a duba rubutun da ke kanta. A fiyanon Yamaha, wadda aka rubuta wa USB TO HOST ita ce ta kwamfuta, ana kuma amfani da waya irin ta firinta. Wadda aka rubuta wa USB TO DEVICE ta filas ce. A jona kai-tsaye a jikin kwamfuta da gajeriyar waya.

Idan tsohon fiyano ne mai zagayayyun kafofi masu ramuka biyar, za a ga an rubuta IN, OUT, wani lokaci da THRU. Ƙa'idar ita ce mafita tana zuwa mashiga: OUT na fiyano ya tafi IN na saunkad, OUT na saunkad ya dawo IN na fiyano. Haɗa IN da IN shi ne kuskuren da ya fi yawa. THRU kuwa tana miƙa kwafin abin da ya shigo zuwa na'ura ta gaba, ga wanda ke da fiyano fiye da ɗaya. Kada tsawon wayar MIDI ya wuce mita 15. Idan saunkad ɗin ba shi da waɗannan kafofi, akwai waya mai kan USB a gefe ɗaya da kawunan MIDI biyu a ɗaya gefen. A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado ke tabbata, domin marasa suna daga cikinsu sukan zubar da saƙonni, maɓalli ya maƙale yana ta ƙara.

Daga nan sai wayar sauti. A ja ta daga kafofin fitar sauti na fiyano, hagu da dama, zuwa mashigan saunkad. Idan waya ɗaya ce kawai, a yi amfani da kafar da aka rubuta wa L/MONO. Fiyanon da ba shi da mafitar sauti ta musamman, ana ɗauka daga kafar abin saurare na kunne, a fara da ƙara kaɗan.

Wajen kunnawa, lasifika ce ta ƙarshe. Wajen kashewa kuma ita ce ta farko. Wannan yana kare ta daga bugun da ke fita lokacin da na'urori ke tashi.

A cikin manhaja, a shiga wajen saituna a zaɓi saunkad a matsayin mashiga da mafitar sauti, a kuma kunna sunan fiyanon a jerin na'urorin MIDI. A buɗe layi ɗaya, a ɗora masa murya, a danna maɓalli. Idan alamar shigowar saƙo ta motsa amma babu sauti, matsalar tana ɓangaren sauti. Idan alamar ba ta motsa ba, tana ɓangaren MIDI. Wannan ɗan gwaji yana rage rabin wahalar neman matsala.

Tashoshi 16

Wayar MIDI guda tana ɗauke da tashoshi 16, kamar yadda rediyo ɗaya ke kama tashoshi da yawa. Mai aikawa da mai karɓa dole su kasance a tasha ɗaya. Da wannan ne fiyano ɗaya zai iya kaɗa ganga a wata tasha, sarewa a wata, jita a wata, duk a lokaci guda. A 1991 aka amince da tsarin General MIDI, wanda ya jera muryoyi 128 da lambobinsu, ya kuma keɓe tasha ta 10 ga ganguna. Wanda ya ji ganga na fita a inda yake tsammanin sarewa, ya fara duba lambar tasha.

Akwai kuma saitin da ake kira Local Control a cikin fiyano. Idan yana kunne, kuma kwamfuta tana dawo da saƙon da ta karɓa, kowane maɓalli zai kaɗa sau biyu, sautin ya fito kamar ta cikin bututu. Kashe shi yana warware matsalar. Sai a tuna a mayar da shi idan an raba fiyanon da kwamfuta, don kada a ɗauka ya lalace.

Idan ana so salon gangunan cikin fiyano ya tafi daidai da kwamfuta, ɗaya ne zai riƙe agogo, ɗayan ya bi. MIDI tana aika bugun agogo 24 a kowane taku na kiɗa. Aka bar kowanne da nasa agogon, kafin a kai tsakiyar waƙa sun rabu.

Matsalar jinkiri

Babu abin da ke karya gwiwar mai koyo kamar ya danna maɓalli, sautin ya biyo baya a makare. Dalili shi ne kwamfuta tana tara sauti a ɗan rumbu kafin ta sake shi. A saurin ɗauka na 44,100 a daƙiƙa, rumbu mai girman 1,024 yana jawo jinkirin kusan kashi 23 cikin dubu na daƙiƙa, wanda hannu da kunne ke ji sarai. Mai girman 256 yana sauko da shi ƙasa da kashi 6, mai 128 kuma kusan kashi 3. Amma ƙaramin rumbu yana wahalar da kwamfuta, idan ta gaza sai a ji ƙaf-ƙaf a cikin sautin. Dabarar ita ce a rage rumbun lokacin kaɗawa da naɗi, a ƙara shi lokacin tacewa.

A kwamfuta mai Windows, a zaɓi direban ASIO na saunkad ɗin. Wanda bai sayi saunkad ba tukuna yana iya gwada ASIO4ALL, wanda kyauta ne. Kwamfutocin Apple suna zuwa da nasu tsarin a ciki. Yawancin saunkad kuma suna da maɓallin da ke ba mawaƙi damar jin muryarsa kai-tsaye kafin ta shiga kwamfuta.

Wajen naɗin murya, makirfo irin na situdiyo yana buƙatar wutar bolt 48 daga saunkad, ta waya mai ƙafa uku. A jona shi tukuna kafin a danna maɓallin 48V. A saita ƙarfin shiga yadda alamar ba za ta taɓa ja ba, domin sautin da ya fashe a wajen naɗi ba ya gyaruwa.

Wuta, ƙura da ɗaki

Littattafan da ke zuwa da kayan nan ba su san halin wutarmu ba. Wutar Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, amma kowa ya san yadda take hawa da sauka, musamman lokacin da aka dawo da ita ko aka juya zuwa janareta. Kafin a sayi lasifika mai tsada, a fara sayen sitabilaiza da na'urar riƙe wuta ta UPS. Mai amfani da sola ya nemi inbata mai ba da tsabtatacciyar wuta, domin mai araha tana sanya ƙugi a cikin sauti. Kayan da aka yi don kasuwar Amurka ko Japan wasu na bolt 120 ne ko 100, don haka a karanta rubutun jikin adafta, kada kuma a ba fiyano adaftar da ba tasa ba.

Idan aka ji wani gurnani mai kauri a lasifika, galibi daga wutar ne, wadda ke juyawa sau 50 a daƙiƙa. Yakan faru idan an jona kayan a soket daban-daban. A tara su a layi ɗaya, a raba wayoyin sauti da na wuta. Idan zare cajar laftof ya sa ƙarar ta ɗauke, an gano mai laifin. Tsohuwar wayar MIDI an tsara ta yadda ba ta haɗa lantarkin na'urori biyu, don haka ba ta kawo wannan gurnani. USB ba ta da wannan kariya.

Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin maɓallai ta hana su amsawa, don haka a riƙa rufe fiyano da zane bayan aiki. Ɗaki mai siminti tsirara yana mayar da amo. Darduma, labule mai kauri da katifa a jingine suna rage shi sosai. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya hana ƙara fita zuwa maƙwabta. Abin da ke zaunar da mutum lafiya da su shi ne abin saurare na kunne da kiyaye lokutan salla da na barci.

Inda na'ura ke tsayawa

Kiɗan lantarki ba baƙo ba ne a wannan yanki. William Onyeabor ya yi faya-fayansa da sintesaiza a Inugu tun ƙarshen shekarun 1970, Mamman Sani kuma ya naɗi kaset ɗinsa na ogan lantarki a Yamai a 1978. Duk da haka maɓallan fiyano an tsara su ne bisa ma'aunin kiɗan Turai, mai matakai 12. Kalangu yana magana ne ta hanyar matse tsarkiyarsa da sassauta ta, goge da algaita kuma suna zamewa tsakanin matakan. Ƴar dabarar lanƙwasa sauti da ke gefen fiyano tana kwaikwayon wani abu daga ciki, amma mai kunne yana ganewa. Wanda ke son amon gida na gaskiya ya gayyato makaɗi, ya sa masa makirfo, ya biya shi haƙƙinsa. Haka kuma umarnin da ke daidaita kowane bugu a kan layi, idan aka yi shi fiye da kima, yana kashe rausayar kiɗa.

Kafin a fitar da kuɗi

Ko a kasuwar Alaba ta Legas za a saya, ko a Kano ko Kaduna, gani ya kori ji. A je da laftof da waya, a danna kowane maɓalli a hankali da kuma da ƙarfi, a gwada kowace kafa, musamman idan kayan na hannu ne. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar.

A guji manhajar sata. Ban da kasancewarta cin haƙƙin wasu, takan zo da ƙwayoyin cuta, ta kuma rufe ana tsakiyar aikin mai biya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare waƙar da matashi ya haɗa a ɗakinsa, tana kuma hana shi ɗaukar kiɗan wani ba izini. Mai niyyar mayar da abin sana'a a Kano ya tuntuɓi Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar don sanin ƙa'idojinta. A riƙa ajiye kwafin kowane aiki a wata ma'ajiya ta daban.

Ga uba ko yayan da zai biya kuɗin, tsarin da ya fi aminci shi ne a saya daki-daki. A fara da kwamfutar da ke gida, fiyano ɗaya, wayar USB, abin saurare na kunne da manhajar kyauta. Idan yaro ya iya haɗa kiɗa cikakke da waɗannan, a ƙara masa saunkad da makirfo, tare da abin kare wuta. Lasifikar situdiyo da gyaran ɗaki su zo a ƙarshe. Zaman wata biyu ko uku a gefen wani gwani a situdiyon unguwa, kafin a sayi komai, zai nuna ko sha'awar mai ɗorewa ce, ya kuma koya wa yaron abin da zai tambaya idan ya shiga kasuwa.